Wa ke bin sawun maijego? Ciwon suga bayan haihuwa da aikin promotora a Amurka

A Amurka, macen da aka gano ciwon suga ya kama ta da juna biyu ba ta ƙara samun sakat har ta sauka. Tsakanin mako na 24 da na 28 na cikin ake yin gwajin, kuma daga ranar da sakamako ya fito sai a sa mata ido. A ba ta 'yar na'urar awon suga ta riƙa huda yatsa sau huɗu a yini, a haɗa ta da mai tsara abinci, a yawaita mata ranakun awo, in abinci bai saukar da sugan ba a koya mata yi wa kanta allurar insulin. Duk wannan ɗawainiya kuwa tana da ranar ƙarewa. Ana haihuwa mabiyiya ta fita, suga ya koma daidai a jikin mafi yawan matan, a sallami uwa da jaririnta da takardar da ke cewa ta dawo gwaji nan da 'yan makonni. Daga nan hankalin kowa ya koma kan jariri, har da na uwar.

Saukar sugan kuwa ba warkewa ba ce. A watannin ƙarshe na ciki mabiyiya tana fitar da sinadaran da ke rage wa insulin ƙarfi, domin suga ya wadata a jini ɗan tayi ya samu. Jikin mafi yawan mata yakan mayar da martani ya ninka insulin ɗin da yake samarwa. Wadda jikinta ya gaza ninkawa, ita ce sugan ke hawa mata. Kenan cikin bai ƙirƙiro raunin ba, tona shi ya yi, kamar yadda damina ke nuna inda rufin ɗaki ke yoyo: rani ya shigo yoyon ya tsaya, amma ɓarakar tana nan inda take. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2009, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa macen da ta yi ciwon sugan ciki ta ninka wadda ba ta yi ba sau bakwai wajen haɗarin kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu. Wani makamancinsa da mujallar BMJ ta buga a 2020 ya kai lissafin kusan ninki goma. Abin kuma ƙaruwa yake yi: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a 2016 kashi 6 cikin ɗari na matan da suka haihu ne suka yi ciwon sugan ciki, a 2021 kuwa adadin ya kai kashi 8.3.

Mutanen da asalinsu ya fito daga Meziko, Fotoriko, Kuba, Salbado, Gwatamala da sauran ƙasashen Latin Amurka sun haura miliyan 62 a ƙidayar 2020, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar a Amurka. Ba su ne suka fi kowa yawan ciwon sugan ciki ba, matan asalin Asiya sun fi su. Inda abin ya fi yi musu muni shi ne saurin rikiɗewarsa zuwa ciwo na dindindin. A 1995 masu bincike a Los Anjalis suka wallafa sakamakon bibiyar mata 671 'yan asalin Latin Amurka da suka yi ciwon sugan ciki, waɗanda gwajin bayan haihuwa bai nuna suna da ciwon ba. Cikin shekara biyar, an ƙiyasta kashi 47 cikin ɗari sun kamu. Kusan rabi kenan, kuma mata ne masu ƙananan yara, waɗanda ciwon zai samu shekara talatin ko arba'in yana cin idonsu da ƙodarsu da jijiyoyin ƙafarsu. Shekara talatin kenan da sanin wannan adadi. Babu likitan haihuwa a Amurka da zai ce bai san haɗarin ba.

Abin da ya kamata a yi ma ba a ɓoye yake ba. Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka da ƙungiyar likitocin haihuwa ta ƙasar duk sun ce a gwada mace tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan a ci gaba da gwada ta duk shekara ɗaya zuwa uku har ƙarshen rayuwarta. Kuma idan an gano ta da wuri akwai abin yi. Babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, ya nuna cewa rage kusan kashi 7 na nauyin jiki da motsa jiki na minti 150 a mako suna rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Da aka ware matan da suka taɓa yin ciwon sugan ciki aka duba su kaɗai, sai aka ga ko sauyin ci da motsa jiki, ko ƙwayar metformin mai araha, kowanne ya rage haɗarin da kusan rabi. Ko shayarwa tana taimakawa: wani bincike a arewacin Kalifoniya da aka buga a 2015 ya ga cewa matan da suka fi shayar da nono, suka kuma fi daɗewa suna shayarwa, sun fi tsira daga ciwon cikin shekara biyu na farko. Ga sani, ga magani, amma a yawancin wuraren da aka ƙirga, ko rabin matan ba sa yin gwajin farko.

Sai mutum ya dubi gwajin da kansa kafin ya gane dalili. Ba a yarda a dogara da gwajin HbA1c mai sauƙi ba a wannan lokaci, domin zubar jinin haihuwa da sauyawar ƙwayoyin jini a lokacin ciki suna iya sa ya nuna ƙasa da gaskiya. Wanda ake so shi ne na shan ruwan suga. Mace za ta kwana ba ta ci komai ba, aƙalla awa takwas, alhali tana tashi shayarwa sau biyu ko uku cikin dare. Da sassafe ta kama hanyar ɗakin gwaji, a ɗebi jininta, a miƙa mata kwalbar ruwa mai giram 75 na suga, mai zaƙin da ke tayar da zuciya, ta shanye cikin 'yan mintuna. Sai ta zauna awa biyu, ba ci, ba yawo, jariri ɗan wata ɗaya a cinya, wataƙila ga yayansa ɗan shekara biyu yana ja mata riga, kafin a sake ɗibar jini. Idan na farkon ya kai 126 ko na biyun ya kai 200, ciwon suga ne. Idan na farkon ya faɗa tsakanin 100 da 125, ko na biyun tsakanin 140 da 199, tana jajiberinsa. A haɗa da hanya, safiya guda ta tafi. Idan mijin ya fita da motar gidan tun asuba zuwa wurin gini ko gona, kuma unguwar irin waɗanda ke bakin iyakar Teksas ce da motar haya ba ta shiga, to ranar ba za ta zo ba sam.

Sannan ga batun aiki. Amurka ba ta da dokar ƙasa da ke tilasta hutun haihuwa mai albashi. Dokar 1993 ta ba da mako 12 ne ba biya, kuma sai ga wanda ya shekara yana aiki a wurin da ke da ma'aikata 50 ko fiye. Mai share-share a gidajen mutane, mai tsinkar 'ya'yan itace, mai wanke-wanke a gidan abinci, da yawansu dokar ba ta san da su ba. Irin waɗannan mata kan koma aiki tun jikinsu bai gama komawa ba, kuma ranar gwaji rana ce ta asarar kuɗin cefane.

Babban ramin dai inshora ce. Shirin Medicaid na gwamnati shi ke biyan kuɗin kusan haihuwa huɗu cikin goma a Amurka, a tsakanin matan Latin Amurka kuwa fiye da rabi. Shekara da shekaru wannan inshora ta kasance tana yankewa ne kwana 60 bayan haihuwa, wato a tsakiyar lokacin da aka ce a yi gwajin. A wancan lokaci mace na iya yin gwaji a mako na bakwai, sakamako ya nuna tana jajiberin ciwo, kafin ta samu ganin likita katinta ya mutu. Dokar 2021 ta ba jihohi damar tsawaita wa'adin zuwa wata 12, kuma kusan dukkansu sun karɓa, har da Teksas da ta fara a 2024. Wannan babban gyara ne, kuma ya cancanci a yaba. Amma bai kai ga kowa ba. Tun dokar 1996, baƙon da ya shigo bisa ƙa'ida ma yakan jira shekara biyar kafin ya cancanci Medicaid, sai a jihohin da suka ɗage wa masu ciki wannan sharaɗi. Wadda ba ta da takardun zama kuwa, abin da dokar tarayya ta lamunce mata shi ne agajin gaggawa, wato naƙuda da haihuwa. Wasu jihohi suna biyan kuɗin awo da sunan ɗan da ke ciki, tunda shi ɗan ƙasa zai zama. A Teksas irin wannan shiri yana biyan ziyara biyu bayan haihuwa, daga nan shi kenan. A fili tsarin yake faɗa cewa jaririn ake kulawa da shi, uwar kuwa ta ci albarkacinsa ne na wata tara. Ga kuma tsoro. Ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 2019, wadda ta ce cin wasu tallafin gwamnati na iya hana baƙo samun takardar zama ta dindindin, ba ta shafi Medicaid na masu ciki ba, kuma an janye ta a 2021, amma jita-jitarta ta riga ta zaga unguwanni, iyalai da yawa suka janye jiki daga abin da yake haƙƙinsu.

Ko wadda ke da inshora tana iya faɗawa tsakanin likitoci biyu. Likitan haihuwa yana ganin aikinsa ya ƙare da ziyarar mako shida. Likitan yau da kullum, in ma tana da shi, sau da yawa bai san ta yi ciwon sugan ciki ba, domin bayanin yana cikin fayil ɗin wani asibiti. Likitan yara shi ne ke ganinta a kai a kai cikin shekarar farko, amma ba ita ce marar lafiyarsa ba. Ƙungiyar likitocin haihuwa da kanta ta faɗa a 2018 cewa har kashi 40 cikin ɗari na mata ba sa zuwa ziyarar bayan haihuwa ko ɗaya, ta kuma nemi a daina ɗaukar kulawar jego a matsayin ziyara guda.

Akwai masu gaggawar ɗora laifin a kan al'ada, kuma abin da suka fi nunawa shi ne cuarentena, zaman kwana arba'in da maijego ke yi a Meziko da sauran ƙasashen yankin. Bahaushiya ba ta buƙatar dogon bayani a nan. Maijego ba ta fita, ana tsare ta daga sanyi da iska, a ɗaure mata ciki, uwarta ko surukarta ta karɓi girki, a riƙa ba ta romon kaza da atole, wani kunun masara mai zafi da akan zuba wa suga, don nono ya kawo. Arba'in ɗin tana cika ne daf da mako na shida. Akwai kuma tsofaffin fahimtoci da ke yawo, kamar cewa firgita ko baƙin ciki mai tsanani ne ke jawo ciwon suga, ko cewa allurar insulin na makantarwa. Duk waɗannan suna nan, kuma suna da tasiri. Amma ni ban yarda su ne tushen matsalar ba, kuma akwai hujja. A tsarin asibitocin Kaiser Permanente na arewacin Kalifoniya, inda kowace mace ke da inshora kuma likitocinta duk suna duba fayil ɗaya, yawan masu yin gwajin ya tashi daga kashi 20.7 a 1995 zuwa 53.8 a 2006, kuma a can matan asalin Latin Amurka da na Asiya sun fi fararen fata yin gwajin. Matan dai su ne, arba'in ɗin ma ita ce. Abin da ya bambanta shi ne an buɗe musu ƙofa.

Wani bincike a San Antoniyo da aka buga a 2008 ya ƙara nuna inda gizo ke saƙar. Cikin mata 707, mafi yawansu 'yan asalin Meziko, kashi 57 ne suka dawo gwaji. Waɗanda ba su dawo ba kuwa su ne masu yara da yawa, masu nauyin jiki, waɗanda sugansu ya fi hawa lokacin ciki. Wato wadda ta fi buƙatar gwajin ita ce ta fi wuyar samu. Saƙon waya da wasiƙar tuni suna kamo mai sauƙin kamu. Wadda ke da yara huɗu, ba mota, ba Turanci, sai an taka an je.

Mai takawar ita ce promotora. Ba nas ba ce, ba kuma ungozoma ba ce. Mace ce daga cikin unguwa, sau da yawa ita ma baƙuwa ce da ta haihu a ƙasar ta san wahalar, wadda aka horar kan wani fanni na lafiya aka ce ta koma cikin mutanenta. Salon ya samo asali ne daga Latin Amurka, ya ƙetaro da ma'aikatan gona, kuma tun shekarun 1980 ake amfani da irin waɗannan mata a sansanonin 'yan ci-rani da garuruwan bakin iyaka. A Santa Ana ta Kalifoniya, likita America Bracho, 'yar asalin Benezuwela, ta kafa ƙungiyar Latino Health Access a 1993, ta gina aikinta kacokan a kansu, kuma ciwon suga na cikin abin da suka fara da shi. Wanda ya ga yadda matan unguwa suka riƙa bi gida gida a Kano da Katsina da Sakkwato suna shawo kan iyaye a kan rigakafin shan inna ya san irin ƙarfin da ke cikin wannan hanya: abin da jami'i mai farar riga ya faɗa aka yi shiru, maƙwabciya ce ke zama a tabarma ta warware shi.

Aikinta a kan maijego yakan fara ne tun kafin haihuwa, in an tsara shi da kyau, domin fuskar da aka sani tun wurin awo ita ake buɗe wa ƙofa ranar da aka dawo gida. Takan zo cikin arba'in, lokacin da maijego ba ta fita, ta gaida tsohuwar da ke riƙe da gidan kafin kowa, domin ita ke da ludayi. Ba za ta ce a daina atole ba. Za ta tambayi cokali nawa na suga ake zubawa, ta roƙi a rage, ta nuna cewa wake da ganyen nopal da ƙwai da ke cikin gidan abinci ne na kirki, ta ɗaga kwalbar lemon da ke kan tebur ta nuna yawan sugan da ke ciki. Ta ƙirga wa maijego tortilla, wato gurasarsu, nawa take ci a zama ɗaya ba tare da ta kunyata ta ba. Idan maijego ta ce ai likita ya ce ciwon ya tafi da haihuwa, sai ta zauna ta yi mata bayanin abin da ya tafi da abin da ya rage, da harshen da ake magana da shi a kicin. Sannan ta koma kan abin da ya fi cin lokaci: ta kira asibitin unguwa mai karɓar kuɗi daidai ƙarfin mutum ta samo rana, ta tabbatar likita ya rubuta takardar gwajin, ta nemo wadda za ta riƙe manyan yara, ta shirya mota, ta kira da daddare ta tuna mata kada ta karya da safe. Bayan sakamako ya fito ta karanta mata shi, ta raka ta wurin likitan da zai ci gaba da dubata. Sau da yawa a wannan zirga-zirga ne take gano abin da ba a aike ta nema ba, kamar maijegon da ke kuka kullum ba ta barci, ko gidan da abinci ke yankewa kafin ƙarshen wata, ko matar da asibiti ya rubuta tana jin Sifaniyanci alhali harshenta Mistek ne ko Kiche, kuma duk bayanin da aka yi mata gyaɗa kai kawai ta yi.

Shin yana aiki? A kan masu ciwon suga nau'i na biyu hujjar tana da ƙarfi. A Shikago an raba 'yan asalin Meziko 144 gida biyu, wasu ma'aikatan unguwa na ziyartarsu a gida, wasu ana aika musu da takardun bayani. Bayan shekara biyu awon HbA1c na waɗanda ake ziyarta ya fi sauka da kusan maki 0.7, ragin da ya yi kusa da abin da ƙarin ƙwayar magani ke bayarwa. An samu makamancin haka a Hartford ta jihar Connecticut. A kan rigakafi ma akwai abin nunawa: a Filadelfiya an gwada mata 92 'yan Latin Amurka da ke jajiberin ciwon, sakamakon ya fito a 2017, waɗanda promotora ta jagoranta suka rage kusan kilo 4 cikin shekara, masu shan metformin ba su kai kilo ɗaya ba, waɗanda aka bari da kulawar da aka saba kuwa ƙaruwa ma suka ɗan yi. A kan masu jego kansu gwaje-gwajen ƙanana ne. Shirin Dulce Mothers na San Diyego, alal misali, ya tara mata 84 da suka yi ciwon sugan ciki a ajin mako takwas wanda 'yan uwansu mata ke koyarwa, aka ga kitsen jininsu da hawan jininsu sun gyaru, amma ba a ware wani rukuni na kwatance ba. Saboda haka wanda zai ce an gama tabbatar da cewa promotora na hana maijego kamuwa da ciwon suga ya yi gaba da hujja. Abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne ta iya kai mutum inda bai iya kai kansa ba, ta kuma iya sa shawarar likita ta zama abin da ake dafawa a gida, kuma waɗannan biyun su ne daidai abin da maijego ta rasa.

A nan ne nake ganin ya kamata a yi hattara, domin yabon promotora ya zama abu mai arha a bakin masu tsara manufofi. Tana da sauƙin kuɗi, tana da farin jini, hotonta na ƙawata rahoto. Amma idan ta lallashi mace ta kwana da yunwa ta sha ruwan suga, sakamako ya nuna ciwo, sannan babu inshorar da za ta biya likita ko magani, me aka yi? An ba mace labarin ciwonta an bar ta da shi, an kuma zubar da mutuncin wadda ta kawo ta. Amanar da unguwa ta ba promotora ita ce jarinta kaf, kuma duk lokacin da ta tura mutum ƙofar da ba ta buɗuwa, daga wannan jari ake cira. Ba daidai ba ne a ɗora wa mace mai ƙaramin albashi nauyin toshe ramin da dokar inshora da dokar shige da fice suka haƙa.

Ita kanta sana'ar ba ta daɗe da samun suna a hukumance ba. Teksas ce jiha ta farko da ta kafa tsarin ba su takardar shaida, a 2001, da horon awa 160. Sai a 2010 ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta sa ma'aikacin lafiya na unguwa cikin jerin sana'o'in da take ƙirgawa. Har yau da yawansu suna aiki ne da kuɗin tallafi na shekara biyu ko uku, wasu ma sa kai ne da ɗan abin sayen mai. Tallafi ya ƙare, shiri ya watse, matar da ta san gidaje ɗari ta koma neman wani aiki. An fara samun sauyi, domin jihohi da dama yanzu suna biyan aikinsu ta Medicaid, Kalifoniya ta fara a 2022. Sai dai wannan ma yana da tarkonsa. Abin da Medicaid ke biya shi ne hidimar da aka yi wa mai katin Medicaid, don haka matar da ba ta da takardu, wadda ta fi kowa buƙata, tana iya sake zama a waje. Kuma idan aka matsa wa takardar shaida da sharuɗɗan makaranta da Turanci, za a tace ainihin matan da unguwa ke saurara, a bar waɗanda suka iya cike fom.

Likitoci sun nemo wata gajeriyar hanya da ta dace a ambata. Bincike ya nuna cewa idan aka yi gwajin shan ruwan suga kwana biyu bayan haihuwa, tun mace tana gadon asibiti, kusan kowa na yi, kuma sakamakon bai yi nisa da na mako shida ba wajen hango wadda za ta samu matsala. A 2024 ƙungiyar likitocin haihuwa ta amince da shi a matsayin zaɓi. Dabara ce mai kyau, ta kawar da matsalar mota da reno da ranar aiki a tashi ɗaya, kuma ga matar da inshorarta ke mutuwa a ƙofar asibiti wataƙila ita ce dama ɗaya tilo. Amma gwaji ɗaya ta warware. Matan Los Anjalis ɗin nan da kusan rabinsu suka kamu, ai duk sun tsallake gwajin farko ba a ga ciwon ba. Haɗarin yana cikin shekara ta biyu da ta uku da ta biyar, lokacin da babu sauran mai kiranta maijego.

Kuma a cikin waɗannan shekaru ne wani cikin ke shiga. Masu binciken Los Anjalis sun ruwaito a 1996 cewa ƙarin ciki ɗaya bayan ciwon sugan ciki ya ninka haɗarin kamuwa da ciwon dindindin kusan sau uku a tsakanin matan da suka bibiya. Mafi muni shi ne macen da ciwon ya riga ya kama ba ta sani ba ta ɗauki ciki a haka. Zuciyar ɗan tayi da lakarsa suna haɗuwa ne cikin makonni takwas na farko, sau da yawa kafin uwar ta je awon farko, kuma suga mai yawa a wannan lokaci yana ƙara haɗarin ɓari da nakasar halitta. Inshorar da za ta dawo mata saboda sabon ciki ta makara ga wannan. Maganar tazarar haihuwa da ta gwada suga kafin a sake ɗaukar ciki magana ce mai nauyi a gidajen da addini da miji da suruka duk ke da ta cewa, kuma ba a yin ta cikin minti goma sha biyar ta bakin tafinta a waya. Sai wadda aka saba da ita, wadda ta san sunayen yaran gidan. Don haka shirin da ya ɗauki promotora aikin mako shida ko goma sha biyu ya auna aikin da ma'aunin da bai dace ba. Kamata ya yi a miƙa mata sunan matar tun ranar da aka gano ciwon a wurin awo, a biya ta ta riƙe shi shekaru, kuma asibitin unguwar da za ta kai ta ya kasance yana da kuɗin karɓarta ko tana da takardu ko ba ta da su.